Daga Abedi Ayew zuwa Abedi Pele: shin sauya suna na taɓa makomar ɗan wasa?

Ba sabon abu ba ne ɗan wasa ya fara sana'a da suna guda, ya ƙare ta da wani. Wasu 'yan kallo ne ke laƙaba musu sunan har ya bi su. Wasu addini ne ya sa suka sauya, wasu ƙasa suka sauya sai suna ya biyo baya, wasu kuma takardun bogi aka yi musu tun suna yara. Birnin Tamale, hedikwatar Yankin Arewa a Ghana, yana da alaƙa da ɗaya daga cikin fitattun misalan wannan batu a Afirka, domin a ƙungiyar Real Tamale United ce wani yaro mai suna Abedi Ayew ya fara buga gasar ƙasa, kuma duniya ba ta san shi ba sai da sunan Abedi Pele. Tarihinsa da na wasu 'yan wasa a ƙwallon ƙafa, dambe, tsere da besbol na nuna abu guda: sabon suna shi kaɗai ba ya ƙara wa ɗan wasa gwaninta ko rage ta. Dalilin da ya sa aka sauya sunan shi ne ke jawo riba ko asara.

Sunan yanka da sunan fage

A wajen Hausawa da Dagwamba, waɗanda su ne mafi rinjaye a Tamale, ana raɗa wa jariri suna a rana ta bakwai, a yanka rago, liman ya yi addu'a. Wannan shi ne sunan yanka. Sai dai da wuya mutum ya girma da shi kaɗai. Akwai sunan rana, akwai sunan da uwa ke kiran ɗanta na fari da shi saboda alkunya, akwai wanda abokai suka ba shi a makarantar allo ko a filin unguwa. Hausawa na cewa suna linzami ne, wato yana jan mai shi zuwa ga ma'anarsa, shi ya sa ake kula da abin da za a kira yaro.

A fagen wasa laƙabi yakan danne sunan yanka gaba ɗaya. Masu bin kokowar gargajiya a Nijar sun san Kantu na Maradi, wanda ya lashe gasar takobi ta farko a Tahoua a 1975, sun kuma san Issaka Issaka na Dosso, alhali sunan da ke takardunsa Kadri Abdou ne. A Ghana babban filin wasa na Kumasi yana ɗauke da sunan Baba Yara, ɗan wasan gefe na Asante Kotoko wanda haɗarin mota ya kawo ƙarshen wasansa a 1963, kuma sunansa na yanka Osman Seidu. Haka Mohammed Polo na Hearts of Oak, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci wa Ghana kofin Afirka a 1978, sunansa Mohammed Ahmed. Irin wannan suna ba ya shiga fasfo, kuma ba a ɓoye na asalin. Cikin wannan rukuni Abedi Pele yake.

Daga Tamale zuwa Marseille

An haifi Abedi Ayew ranar 5 ga Nuwamba 1964. Asalin gidansu Paga ne, a kan iyakar Ghana da Burkina Faso, amma ya tashi a kusa da Accra. Tun yana ƙaramin yaro aka fara kiransa Pele saboda yadda yake yanka da ƙwallo, ana kwatanta shi da gwarzon Brazil wanda ya ci kofin duniya a 1958 da 1962 da 1970. Shi ma Pele ɗin laƙabi ne, sunansa Edson Arantes do Nascimento.

Abedi ya yi karatu a makarantar sakandare ta Ghanasco da ke Tamale, ya kuma shiga Real Tamale United, ƙungiyar da aka kafa a 1976 wadda a lokacin take wasanninta a filin Kaladan. Daga nan aka gayyace shi tawagar Black Stars. Yana da shekara 17 lokacin da Ghana ta doke Libiya a bugun fenareti a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1982 a Tripoli, kofi na huɗu da ƙasar ta ci, kuma na ƙarshe har zuwa yau.

Shekarun da suka biyo baya su ne suka fi amsa tambayar ko suna na buɗe ƙofa. Matashin da ke ɗauke da sunan da ya fi kowane shahara a ƙwallon duniya, ga kofin Afirka a hannu, bai samu babbar ƙungiyar Turai ba. Ya je Al Sadd ta Katar, ya ɗan taɓa FC Zurich ta Suwizalan, ya dawo Afirka ya buga wa Dragons de l'Ouémé ta Jamhuriyar Benin, sannan ya sake komawa Tamale a 1985. Sai a 1986 ya samu gurbi a Faransa, a Niort, wadda take rukuni na biyu. Daga nan ya wuce Mulhouse, sannan Marseille ta ɗauke shi a 1987. Ko a can bai samu wurin zama nan take ba, aka ba da shi aro ga Lille tsawon kaka biyu. Wasan da ya yi a Lille ne ya sa Marseille ta dawo da shi a 1990.

Daga nan tauraronsa ya haska. Tare da Jean-Pierre Papin da Chris Waddle ya kai Marseille wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 1991, inda Red Star Belgrade ta doke su a bugun fenareti. Ya ci gasar Faransa a 1991 da 1992. Ranar 26 ga Mayu 1993 a birnin Munich, shi ne ya bugo kusurwar da Basile Boli ya sa wa kai ya ci AC Milan, Marseille ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki wannan kofi. Mujallar France Football ta zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau uku a jere, 1991 da 1992 da 1993. A kofin Afirka na 1992 a Senegal shi aka zaɓa ɗan wasan gasar, ko da yake katin gargaɗin da ya samu a karawa da Najeriya ya hana shi buga wasan ƙarshe, wanda Cote d'Ivoire ta ci 11 da 10 a bugun fenareti. Ya ƙarasa sana'arsa a Lyon, Torino, 1860 Munich da Al Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A 2004 Pele na Brazil da kansa ya saka shi cikin jerin manyan 'yan wasan duniya da ke raye.

Abin da laƙabin ya yi masa

Amfanin sunan a bayyane yake: gajere ne, kowa ya san shi, ɗan jarida a Faransa ko Italiya ba ya bukatar koyon furta shi. Amma tsakanin kofin 1982 da komawarsa Marseille a 1990 akwai shekara takwas da sunan yana tare da shi, yana ta sauya ƙungiyoyi a nahiyoyi uku.

Wasu 'yan Ghana biyu da aka jingina su da Pele ba su kai inda ya kai ba. Nii Odartey Lamptey shi ne gwarzon gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Ghana ta ci a Italiya a 1991, kuma aka riƙa cewa shi ne magajin Pele. Ya fara da kyau a Anderlecht da PSV Eindhoven, amma bai yi tasiri a Aston Villa da Coventry ba, daga nan ya shiga yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya. Freddy Adu, wanda aka haifa a Tema ya tashi a Amurka, ya sa hannu da DC United yana da shekara 14, har ya fito a tallar talabijin tare da Pele a 2004. Shi ma ya ƙare da zagayen ƙungiyoyi fiye da goma a ƙasashe daban-daban. Kwatancen iri ɗaya ne, sakamakon ya bambanta, domin abubuwan da suka raba su sun shafi dillalai, rauni, shekarun da aka fitar da su waje da kuma irin ƙungiyoyin da suka faɗa.

'Ya'yan Abedi ba su gaji laƙabin ba. Ibrahim da André da Jordan duk da sunan Ayew suka buga wa Black Stars. André, wanda aka haifa kusa da Lille a 1989, shi ne kyaftin ɗin tawagar da ta doke Brazil ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Masar a 2009. Shi da Jordan sun buga gasar kofin duniya ta manya, abin da mahaifinsu bai samu ba, domin sai a 2006 Ghana ta fara zuwa gasar.

'Yan Tamale na yau da gurbin takardu

Matsalar da 'yan wasan Tamale na wannan zamani suka fi cin karo da ita ta tsarin rubuta suna ce. A arewacin Ghana, kamar a ƙasar Hausa, mutum na ɗaukar sunansa ne ya haɗa da na mahaifinsa. Takardun Turai kuwa suna da gurbi biyu, na sunan mutum da na sunan iyali. Idan aka zo kan suna irin Abdul Rahman ko Abdul Fatawu, sai a raba shi biyu, a ɗauki Abdul a matsayin suna mai zaman kansa, alhali ma'anarsa "bawan" ce kawai, ba ta cika sai da abin da ya biyo baya.

Abdul Rahman Baba, wanda aka haifa a Tamale a 1994, jaridu sun kira shi Baba Rahman, wasu kuma Abdul Baba Rahman. Wannan bai hana shi tashi daga Asante Kotoko zuwa Greuther Fürth da Augsburg a Jamus ba, har Chelsea ta saye shi a 2015. Abin da ya karkatar da tafiyarsa shi ne mummunan raunin gwiwa da ya ji a wasan Ghana da Uganda a kofin Afirka na 2017 a Gabon. Bayan shekaru na zaman aro ya koma PAOK ta Girka, ya ci gasar ƙasar da ita a 2024.

Haka Abdul Fatawu Issahaku, haifaffen Tamale a 2004, wanda ya fito daga ƙungiyar Steadfast. A Ghana an fi kiransa Fatawu Issahaku, a Ingila kuma Abdul Fatawu. Shi ne gwarzon kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 da Ghana ta ci a Mauritaniya a 2021, ya tafi Sporting ta Fotugal, sannan ya taimaka wa Leicester City ta koma gasar Firimiya a 2024. Juya sunayen ba ya cutarwa matuƙar abin da ke fasfo da abin da ke rajistar hukumar ƙwallo iri ɗaya ne.

Sauya suna saboda addini

Wanda ya fi shahara a wannan rukuni shi ne ɗan damben Amurka Cassius Clay. Ya doke Sonny Liston ranar 25 ga Fabrairu 1964, kuma cikin makonni kaɗan ya koma Muhammad Ali. A shekarar ya ziyarci Ghana da Najeriya da Masar, ya gana da Shugaba Kwame Nkrumah. Jaridu da dama a Amurka sun shafe shekaru suna ƙin kiransa da sabon sunan. Duk da haka ya ci gaba da kare kambunsa har zuwa Afrilun 1967, lokacin da ya ƙi shiga soja a yaƙin Vietnam. Wannan matakin ne ya sa aka ƙwace kambun aka hana shi dambe sama da shekara uku. Ya dawo a 1970, ya karɓe kambun daga George Foreman a Kinshasa a 1974.

A ƙwallon kwando, Lew Alcindor ya bayyana sunansa Kareem Abdul-Jabbar a 1971, bayan ya ci kofin NBA da Milwaukee Bucks. Ya ƙara cin kofi biyar da Los Angeles Lakers. Akeem Olajuwon, ɗan Legas, ya gyara rubutun sunansa zuwa Hakeem a 1991, sannan ya ci kofin da Houston Rockets a 1994 da 1995. Inda aka samu asara a irin wannan sauyi, daga martanin jama'a da hukumomi ta fito, kamar yadda ya faru da Mahmoud Abdul-Rauf, tsohon Chris Jackson, wanda NBA ta dakatar a 1996 saboda ya ƙi tsayawa lokacin taken ƙasa.

Sauya suna tare da ƙasa

Stephen Cherono ɗan tseren Kenya ne da ya koma Katar a 2003 ya zama Saif Saaeed Shaheen. A shekarar ya ci zinare a tseren mita 3,000 na tsallake shinge da ruwa a gasar duniya ta birnin Paris. Amma bai je gasar Olympics ta Athens a 2004 ba, saboda ƙa'idar jiran shekara uku ga wanda ya sauya ƙasa, kuma Kenya ba ta yarda a rage masa ba. Makonni kaɗan bayan gasar ya kafa tarihin duniya a Brussels da minti 7 da daƙiƙa 53.63. Ebelechukwu Agbapuonwu, haifaffiyar jihar Anambra a Najeriya, ta koma Bahrain ta zama Salwa Eid Naser, ta ci zinaren mita 400 a gasar duniya ta Doha a 2019. A duka biyun, kuɗi da kayan horo da sabuwar ƙasa ta bayar, da dokokin sauya ƙasa, su ne suka yi tasiri.

Misalai biyu daga besbol

Besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda wanda ya shahara a Amurka da Japan da tsibiran Karibiyan, yana da misalai biyu da suka faru a shekara ɗaya. Ɗan wasan Miami Marlins da aka sani da Mike Stanton ya nemi a koma kiransa da sunansa na farko, Giancarlo, kafin kakar 2012. A 2011 ya doki ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 34, a 2012 sau 37, a 2017 kuma sau 59, shekarar da aka zaɓe shi gwarzon gasarsu. A 2014 ya sa hannu kan kwantiragin shekara 13 na dala miliyan 325. Mai son danganta wannan da sabon suna sai ya tuna cewa yana da shekara 22 lokacin da ya sauya, shekarun da ɗan wasa ke ƙara ƙarfi ko da wane suna ake kiransa. Kuma duka sunayen biyu suna cikin takardar haihuwarsa.

Na biyun shi ne mai jefa ƙwallo na Cleveland Indians da aka sani da Fausto Carmona, wanda ya ci wasa 19 a kakar 2007. A Janairun 2012 'yan sanda suka kama shi a Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, lokacin da ya je sabunta biza. Aka gano sunansa Roberto Hernández ne, kuma shekarunsa 31, ba 28 ba. Ƙungiyar ta rage albashinsa na shekarar daga dala miliyan 7 zuwa miliyan 2.5, hukumar gasar ta dakatar da shi mako uku, kuma mafi yawan kakar ta wuce shi yana jiran izinin komawa Amurka.

Takardun bogi

Labarin Hernández ya fi kusa da abin da ke faruwa a ƙwallon Afirka. Ƙungiyoyi suna sayen matashi ne bisa hasashen abin da zai zama nan gaba, don haka rage shekara biyu ko uku na ƙara masa daraja. Tunda takardar haihuwa ta asali za ta tona asiri, sai a haɗa da sabon suna, wani lokaci na ƙane ko na ɗan maƙwabta.

Lamptey da kansa ya sha ba da labarin yadda aka fitar da shi daga Ghana ta Najeriya zuwa Beljiyam yana yaro, da fasfon da ya nuna shi ɗan Stephen Keshi ne. A Yunin 2021 ƙungiyar Stuttgart ta Jamus ta sanar cewa ɗan wasanta na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da aka sani da Silas Wamangituka sunansa Silas Katompa Mvumpa ne, kuma ya girmi abin da ke takardunsa da shekara ɗaya. Ya ce tsohon dillalinsa ne ya matsa masa. Hukumar ƙwallon Jamus ta dakatar da shi wata uku tare da tarar yuro 30,000, kuma ya ci gaba da wasa da sunansa na gaskiya.

Hukuncin kan shafi ƙasa baki ɗaya. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, ta kuma ƙwace mata karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da suka je Olympics ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. Tun daga gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009, ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekaru. Daga 2010 kuma duk cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe sai ya bi ta rumbun FIFA na intanet, inda ƙungiyoyin biyu ke shigar da bayanansa, kuma ba a ba da takardar izinin sauya sheƙa sai bayanan sun dace da juna.

Yadda ake sauya suna bisa doka

Doka ba ta hana ɗan wasa sauya suna ba. A Ghana mutum na yin takardar rantsuwa, a buga sanarwar a jaridar gwamnati ta Gazette, sannan a gyara katin shaida na Ghana Card da fasfo. A Najeriya ana yin rantsuwa a kotu, a buga a jarida, a gyara bayanan lambar NIN. A Nijar da sauran ƙasashe masu bin tsarin Faransa, gyaran takardar haihuwa na bi ta kotu ne. Bayan haka sai ƙungiya ta kai sababbin takardun ga hukumar ƙwallon ƙasa a gyara rajista. Ta wannan hanya tsohon suna da sabo suna haɗe a rubuce, kuma ranar haihuwa ba ta motsawa.

Ga iyayen yaran da ke buga ƙwallo a filayen Tamale, Kano, Maradi ko Damagaram, abin lura shi ne takardar farko da aka yi wa yaro rajista da ita a makarantar horo ko a gasar yara, domin ita za ta bi shi har ƙarshen sana'arsa. Laƙabin da unguwa ta ba shi ba ya bukatar izinin kowa. Amma idan dillali ya zo da fasfo mai ɗauke da wani suna da wata ranar haihuwa, ranar da asiri ya tonu ɗan wasan ne za a dakatar, shi za a ci tara, kuma shi biza za ta gagara.